Tauraron ɗan'adam ne ke nuna wa injin haƙa inda mai yake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni direban eskabeta ne, shekarata tara ina aiki a wurin fasa dutse. Wani abokina ya ce a Kanada, inda ake tono yashin da ake tace mai daga cikinsa, tauraron ɗan'adam ne ke nuna wa inji inda man yake, har ya nuna masa inda zai sa bokiti, ba ya kuskure ko da faɗin yatsa biyu. Ni kuwa GPS ɗin wayata sai ya ajiye ni a gidan maƙwabta. Yaya abin yake? Kuma da gaske ne direbobi sun rasa aiki a dalilinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa, kuma rabin da ya bari ya fi nauyi.

Tauraron ɗan'adam ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Bai san kwalta ba, bai san yumɓu ba, hasali ma bai san da zaman wani inji a doron ƙasa ba. Iyakar aikinsa ya yi ta shela ba dare ba rana: ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa a agogona. Na'urar da ke kan injin ce ke saurare, ta lissafa wa kanta inda take tsaye. Sanin inda arzikin yake kwance kuwa aikin masana duwatsu ne, waɗanda suka huda ƙasar suka auna ta shekaru kafin injin ya iso. Abin da fasahar ta kawo shi ne haɗa waɗannan biyun a allo ɗaya gaban direba: ga taswirar cikin ƙasa, ga haƙoran bokitinka suna motsi a cikinta. Ni safiyo ne, a mahaƙai na yi yawancin aikina, kuma kusan duk ɓarnar da na taɓa gani a wurin haɗin nan ta auku.

Wurin da abokinka yake nufi yana arewa maso gabashin lardin Alberta, a gaɓar kogin Athabasca, arewa da garin Fort McMurray. Yashi ne baƙi wanda kwalta ta jiƙa. Da zafi in ka damƙe shi sai ya dunƙule a hannunka kamar tunkuza, yana warin titi sabon zubi. Da hunturu, wanda a can sanyi kan kai 40 ƙasa da sifili, sai ya daskare ya rinƙa cin haƙoran ƙarfe. Kwaltar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba, galibi kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa sai an tono kimanin tan 2 kafin a sami gangar mai ɗaya. Da ruwan zafi ake wanke shi, kwaltar ta taso sama da kumfa, yashin ya nutse, dabarar da wani masanin kimiyya mai suna Karl Clark ya tsayar tun shekarun 1920. Ba ko'ina ake tonowa ba kuma, sai inda zurfin bai wuce kamar mita 75 ba, wajen kashi ɗaya cikin biyar ke nan na arzikin. Wanda ya fi haka zurfi tururi ake hura masa ta rijiyoyi, wannan wani zance ne daban.

Ma'adinin ba a shimfiɗe yake kamar katifa ba. Wani tsohon kogi ne da bakin teku suka ajiye shi fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, kogi kuwa ka san halinsa: yau ya zube yashi a wannan gaɓa, gobe ya zube laka a waccan, jibi ya karkata ya yanke abin da ya ajiye. Saboda haka a bango ɗaya mai tsayin mita 15 sai ka tarar da yashi mai ƙiba a ƙasa, zirin yumɓu a karkace a tsakiya, ramammen yashi a sama. A saman duka akwai fadama mai taɓo da ƙasar banza da sai an yaye. A ƙarƙashi kuma dutsen farar ƙasa ne, wani wurin da ruwa mai gishiri wanda ba mai son ya taɓo.

Yumɓun nan shi ne abokin gaba. In ya yi yawa cikin abin da aka aika masana'anta, kwaltar ba ta tasowa yadda ake so, sai ta bi dagwalo zuwa tafkin zubar da laka, shi kansa yumɓun ya je can ya ƙi kwantawa shekara da shekaru. In kuma direba ya ji tsoron yumɓu ya loda yashi mai kyau da sunan ƙasar banza, an binne kuɗi. Hukumar kula da makamashi ta Alberta ma ba ta bar abin ga son ran kamfani ba. A ƙa'idarta, shimfiɗar da kwaltarta ta kai kashi 7 cikin 100 kuma kaurinta ya kai mita 3 ma'adini ce da ake sa ran a cire, muddin ƙasar da za a yaye a kanta ba ta wuce iyakar da aka gindaya ba. To ka ƙaddara ƙarfe uku na dare ne, ƙanƙara na zuba, kana zaune a ɗakin tuƙi mai tsayin bene hawa biyu ko fiye. Yaya idonka zai bambance yashi mai kashi 8 da mai kashi 6? Duka baƙaƙe ne.

A da ba a wahalar da kai da wannan tsinta sosai, don injinan ba za su iya ba. Lokacin da kamfanin Great Canadian Oil Sands, wanda ya zama Suncor, ya fara aiki a 1967, wani ƙaton wili ne mai bokitai a jikinsa ke juyawa yana kankare bango yana zubawa a kan bel. Kamfanin Syncrude da ya biyo baya a 1978 injin dogon wuya mai jan bokiti da igiya ya sa, ya tara tsibi, wilin ya kwashe. Irin waɗannan ba su san zaɓe ba, abin da ya zo gabansu shi suke ci, kuma bel ɗaya in ya tsinke kowa ya zauna. Daga farkon shekarun 1990 aka fara komawa shebur da tifa. Wasu daga cikin tsofaffin dodannin suna nan a ajiye gefen babbar hanya mai lamba 63, matafiya na ɗaukar hoto. Sauyin ya zo daidai da lokacin da GPS ya kammala ya tsaya da ƙafarsa a 1995, da lokacin da kamfanonin Caterpillar da Trimble suka fara saka wa buldoza kwamfutar da ke nuna wa direba tsarin aiki.

In na ce shebur kada ka kawo na leburan gini a ranka. Injin lantarki ne irin P&H 4100 ko Cat 7495, nauyinsa ya haura tan 1,000, bokitinsa ɗaya kimanin tan 100. Kamfata huɗu ya cika tifa irin Caterpillar 797 mai ɗaukar tan 360 da 'yan kai. Lodi ɗaya ganga 180 ke nan, cikin 'yan mintoci. Ka ga tifa ɗaya in ta nufi juji alhali masana'anta ya kamata ta je, ba ƙaramin abu aka zubar ba.

Yanzu ga maganar wayarka. Taurarin GPS suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200. Siginarsu da gudun haske take tafiya, ta iso cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Na'ura ta duba lokacin da aka aiko da lokacin da ta karɓa, ta gane nisan da ke tsakaninta da tauraron. Da taurari huɗu ta san wuri da tsayi, ta kuma gyara agogonta mai araha. Sai dai haske sauri gare shi: kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, mita 300 ne a ƙasa. Siginar kuma ba hanya ta samu a share ba. Sai ta ratsa wani sashe na sararin sama mai cike da ɓurɓushin lantarki, sannan iska mai laima, kowanne ya ɗan riƙe ta. Agogon tauraron da hanyar da yake bi su ma ba sa rasa ɗan kuskure. Haɗa su duka, su ne mita uku zuwa biyar ɗin da ke kai ka gidan maƙwabta. Ka ma gode wa Allah, kafin watan Mayun 2000 da gangan Amurka ke gurɓata siginar farar hula, kuskuren har ya kai mita 100.

A mahaƙa dabara biyu ake haɗawa. Ta farko mai sauƙin ganewa ce: ruwan da ya doke ka shi ya doki maƙwabcinka. Ana kafa na'ura ɗaya a kan ginshiƙin kankare wanda aka san lambobinsa daidai, ba ta motsi. Tunda ta san inda take, duk abin da taurari suka gaya mata saɓanin haka kuskure ne, kuma kusan kuskuren nan ne ya sami shebur da ke kilomita biyar daga wurin, don sama ɗaya siginar ta ratso. Sai kafaffiyar tashar ta rinƙa watsa abin da ta gani ta rediyo kowace daƙiƙa, na'urorin da ke kan injuna su cire kuskuren daga lissafinsu. Nisa yana rage kamar, amma a hankali, wajen milimita ɗaya a kowace kilomita.

Dabara ta biyu ita ce ta kawo santimita. Wayarka saƙon da ke cikin sigina take karantawa, shi kuwa kamar tef ne mai alama ɗaya duk mita 300. Na'urar mahaƙa igiyar rediyon da ta ɗauko saƙon take ƙirgawa, ita kuma tsawon kowane kaɗawarta santimita 19 ne kawai. Guntun ƙarshe da ya iso eriya ana iya auna shi har zuwa milimita. Abin da ba a sani ba shi ne cikakku nawa ne suka jeru daga tauraron zuwa nan. Kamar agogon da gajeren hannunsa ya karye ne: ka san minti nawa, ba ka san ƙarfe nawa ba. Na'urar sai ta haɗa taurari da yawa, da zango biyu ko uku na kowane tauraro, da bayanin kafaffiyar tasha, ta yi ta gwada amsoshi har ta sami guda ɗaya da ta dace da kowa. In ta samu, mukan ce ta kulle, kuskure ya dawo santimita ɗaya zuwa biyu. Kafin ta samu tana lilo ne, allo yana nuna lambobi masu kyan gani amma suna iya gocewa da rabin mita. Wannan tsari shi ake kira RTK. Ka kuma riƙe cewa awon tsayi kullum ya fi rauni, kuskurensa kan ninka na kwance, domin duk taurarin a sama suke, babu ko ɗaya a ƙarƙashinka da zai tokare lissafin.

Yatsa biyun abokinka ke nan, amma na eriya ne, a rana mai kyau. Kai direba ka fi kowa sanin cewa inda ɗakin injin yake daban, inda haƙori yake daban. Ana kafa eriya biyu a bayan injin, ɗaya ta ba da wuri, tazarar da ke tsakaninsu ta nuna inda ya fuskanta. Ana sa ma'aunin karkata don a san ya jingina gaba ne ko gefe. A eskabeta irin taka sai a liƙa ma'aunin kusurwa a bum, da hannu, da bokiti. A shebur mai igiya kuma ana ƙirga juyin gangar da ke naɗe igiyar ɗagawa da tsawon da sandar bokiti ta miƙe. Kwamfuta ta bi gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya har ta isa bakin haƙori. Kowace gaɓa da nata ɗan kuskuren, kuma tsawo yana haɓaka shi. In haƙori yana mita 20 daga tsakiyar injin, kuskuren digiri ɗaya a fuskanta santimita 35 ne a bakin bokiti. Ga igiya tana miƙewa, ana sauya ta. Ga haƙora suna cinyewa, yashin nan kuwa ƙwayarsa ta fi ƙarfe tauri. Ga ƙasa da rani ta yi laushi, dodo mai tan 1,000 yana nutsewa ta gefe ɗaya yana aiki. Ni in inji ya ba ni daidai cikin taƙi ɗaya a bakin haƙori, na ce alhamdu lillahi.

Taƙi ɗayan kuwa ya isa har ya yi yawa, domin ba a nan gizo ke saƙar ba. Taswirar ce ta fi kowa rauni. Da hunturu, lokacin da fadamar ta daskare har mota za ta iya hawa, ake shiga da injin huda ƙasa a ciro zungureren samfuri daga sama har dutsen ƙasa, a kai ɗakin gwaji a auna kwalta da ruwa da laka mita bayan mita. Tsakanin rami da rami akwai gomman mitoci, wani wurin ɗari ko fiye. Abin da ke tsakani kintace ne na ilimi: kwamfuta ta yanka ƙasar gida-gida kamar tubala, ta ba kowane tubali ƙiyasin kwaltarsa da lakarsa. Wannan ne ake turawa allon direba da launuka, wannan launi masana'anta, wancan juji, wancan kuma ƙasar da za a gina madatsa da ita. Injin ya san inda yake da awon santimita, taswirar kuwa ta san inda zirin yumɓu ya bi da awon mitoci. Shi ya sa har gobe masanin duwatsu sai ya je gaban bango ya duba da idonsa ya gyara layi, kuma gogaggen direba, wanda ke jin sauyin ƙasa a hannunsa tun kafin ya gani, in allo ya ce yashi shi kuwa ya ji laka, rediyo yake ɗauka ya kira. Wanda na fi tsoro shi ne sabon direban da ya yarda da allo fiye da bangon da ke gabansa.

Duk da haka ba za a haɗa da zamanin turaku ba. Mu ne muke bin gindin bango muna kafa turaku masu ƙyalle, kafin mu juya baya buldoza ta take rabi, ƙanƙara ta rufe sauran, da dare kuwa ko suna nan ba mai ganinsu. Tsayuwar mutum a ƙasa kusa da tifar da direbanta ba ya hangen abin da ke gabansa na mitoci da yawa ita kanta kasada ce da aka rage ƙwarai. Yanzu kowace kamfata ana rubuta daga tubalin da ta fito. Tsarin rarraba motoci, irin DISPATCH na kamfanin Modular Mining, ko na Wenco, ko MineStar na Caterpillar, ya san abin da ke bayan kowace tifa, ya tura ta inda ya dace, ya kuma gauraya lodin shebur mai laka da na shebur mai yashi mai ƙiba don masana'anta ta sami abinci iri ɗaya. Masana'antar wanke yashi kamar cikin tsoho take, sauyin abinci farat ɗaya ya fi ramammen abinci ɓata ta. Inda haƙori ya bi kuma ya zama awo, da safe injiniya ya tarar da taswirar ramin ta sabunta kanta.

A ganina inda fasahar ta fi saurin mayar da kuɗinta ba ma wurin zaɓen yashi ba ne, wurin daɓe ne, wato ƙasan da shebur yake tsaye a kai yana ci gaba. Direba ba tare da jagora ba yakan hau ko ya gangara bai sani ba. In ya bar santimita 30 na ma'adini a fili mai mita 100 kowane gefe, kubik mita 3,000 ke nan, wajen tan 6,000, ganga 3,000 da za a rufe da shara. In kuma ya zarce ƙasa, ya yi kwari, ruwa ya taru, yashin ya zama taɓo, tifa mai taya kusan mita 4 ta rinƙa iyo tana shan mai, buldoza ta kwana tana gyara abin da bai kamata ya lalace ba. Da allo, direba yana ganin lamba ɗaya a gabansa, saura santimita kaza ka sauka, ko ka wuce da kaza. Haka buldozojin da ke gina madatsun tafkin laka, inda gangara da kaurin kowace shimfiɗa magana ce ta tsaron rayuka.

Arewacin duniya yana da nasa matsalolin. Hanyoyin taurarin GPS sun karkata da digiri 55 daga tsakiyar duniya, mahaƙan nan kuwa suna wajen digiri 57. Saboda haka akwai wani ɓangare na samansu ta arewa da tauraron GPS ba ya bi. Shebur in ya kafa kai a bangon da ya tare masa kudu, a da sai taurari su yi ƙaranci, na'ura ta saki. Taurarin Rasha na GLONASS, masu karkatar kusan digiri 65, su suka fara toshe wannan giɓi, sannan Galileo na Turai da BeiDou na Sin suka shigo, yanzu na'ura mai kyau tana iya ganin taurari talatin a lokaci guda. Sa'arsu ma ramukan faɗi gare su, ba zurfi irin na mahaƙan tagulla ba. Sai kuma hasken nan mai launi da ke rawa a samansu da dare, wanda baƙi ke zuwa kallo. Mu a wurinmu alamar matsala ce, don yana nufin sashen nan mai lantarki ya rikice, siginar tana karkarwa, kulle yana ɓallewa. Abin yakan tsananta duk kimanin shekara 11 idan rana ta yi fushi. Guguwar rana ta 10 ga Mayun 2024 sai da ta tsayar da taraktocin manoma da yawa a Amurka tsakiyar shuka, su ma irin wannan gyaran suke amfani da shi. Akwai kuma amsa-kuwwa: siginar ta bugi bum ko jikin tifa ta dawo eriya a makare. Amma in ka tambayi masu gyara, abin da ya fi tayar da su da dare ba sama ba ce, rediyon da ke kawo gyara ne ya yanke, ko girgiza ta cinye wata waya.

Kuskuren da ya fi muni kuwa shi ne wanda kowa ya yarda da shi. A wata mahaƙa da ba sai na kira suna ba, an taɓa sauya eriyar kafaffiyar tasha bayan ta lalace. Wanda ya sauya ya ƙara ɗan guntun bututu a ƙasanta don ta zauna, santimita 25, bai shigar da shi a lissafi ba. Kwana uku shebur da buldoza da na'urar hannu ta masu awo duk bakinsu ɗaya, kowa ya duba ɗan'uwansa ya ga daidai, don nono ɗaya suke sha. Ruwa ne ya tona asiri. Sabuwar magudanar da aka haƙa ta zo haɗuwa da tsohuwa sai ruwan ya tsaya ya ƙi wucewa. Ni ne ya kamata in je in taɓa tsohon turken awo da ke bakin ƙofa a ranar da aka yi sauyin, ban je ba, sanyi ya hana ni fitowa daga mota.

Maganar aiki kuma, ba zan ɓoye maka ba. Shebur har yanzu mutum ke tuƙa shi, allon jagora ne kawai, hannu na direba ne. Tifofi ne aka fara cire wa direba. A watan Janairun 2018 Suncor ya sanar da shirin kawo tifofin Komatsu sama da 150 masu tuƙa kansu, ya kuma faɗa da bakinsa cewa guraben aiki kusan 400 za su tafi. Kamfanin Imperial ya kammala mayar da tifofinsa 81 na mahaƙar Kearl masu tuƙa kansu a 2023. Waɗannan motoci da RTK ɗin nan suke sanin hanya, tare da rada da na'urar hasken leza masu hango cikas, kuma duk motar da za ta shiga yankinsu, ko 'yar a-kori-kura ce, sai tana ɗauke da na'urar da ke shelar inda take. Direban shebur ma aikinsa ƙaruwa ya yi, don shi ke nuna wa tifar inda za ta tsaya, ya sallame ta in ta cika. Waɗanda suka fara rasa aiki tun kafin direbobin tifa, ba wanda ya yi labarinsu, su ne yaran safiyo masu ɗaukar turaku da guduma. An sami sababbin gurabe na masu gyaran na'ura da masu kula da rediyo da masu zaman ɗakin sa ido, sai dai ba su kai yawan waɗanda suka tafi ba, kuma ba lallai mutanen da suka tafi ne suka same su ba.

In abin da ke ranka shi ne ko wannan zai zo inda kake, ya riga ya fara zuwa. Irin wannan yashi mai kwalta akwai shi a kudu maso yammacin Najeriya, daga yankin Agbabu na jihar Ondo zuwa sassan Ogun da Edo, in an tashi tono shi da gaske tambayar yashi ko yumɓu za ta taso. Amma kai inda za ka fi cin karo da na'urar shi ne aikin titi da magudana da madatsar ruwa, a kan gireda da buldoza da eskabeta. A wurin fasa dutse injin huda ramin nakiya ya fi eskabeta cin moriyarta. In Allah ya sa ka hau injin da ke da ita, ka tambayi safiyo a kan wane tushen awo aka zana aikin, domin tsofaffin taswirorinmu a kan tushen Minna suke, GPS kuma a kan WGS84, tsakaninsu akwai gomman mitoci, allo kuwa ba zai gaya maka an cakuɗa su ba. Ka kuma sani mu ma samanmu yana da irin tasa karkarwar, don muna kusa da tsakiyar duniya, sai dai tamu bayan faɗuwar rana take tasowa, daga magariba zuwa tsakar dare. In kana aikin dare ka ga alamar kulle tana zuwa tana ɗaukewa, ba injinka ne ya lalace ba, ka bar gyaran ƙarshe na daɓe sai da safe. Kuma ka sa a kafa maka turken ƙarfe ɗaya a gefen fili, wanda aka auna tsayinsa da lebur daga tsohuwar alamar awo, ba da GPS ɗin ba. Kowace safiya kafin ka fara, ka ɗora haƙorin tsakiya a kansa ka karanta lambar da allo ya nuna, in ta saɓa da fiye da yatsa uku ka kashe inji ka kira safiyo.